Darasi na 7: Yadda ake haɗa ƙaramar kyamarar tsaro da wayar hannu

Iyayena da yayyena, sannunku da ƙoƙari. A darasin da ya wuce mun koyi yadda ake sauke manhaja a waya da yadda ake shiga waifai, to yau waɗannan abubuwa biyun ne za su yi mana aiki, wanda bai riƙe su da kyau ba dan Allah ya koma ya sake dubawa kafin ya ci gaba, don in babu su wannan darasin ba zai tafi ba.

Kyamarar da muke magana a kanta ƴar ƙarama ce, wata ma ba ta kai dunƙulen hannu ba, ana ajiye ta a kan kanta ko a liƙa ta a bango, ita kuma tana aiko da hoton abin da take gani zuwa wayarka ko kana ina. Ana ce mata mara waya, wato mara igiya, amma kar sunan ya ruɗe ku, abin da ake nufi shi ne hoton ne ke tafiya ta iska. Wuta kam sai an ba ta, yawancinsu suna zuwa da cajarsu kamar ta waya kuma dole tana jone da soket dare da rana. Akwai masu batir da ake caji a mayar, akwai masu ɗan faranti na hasken rana, amma mu da mai caja za mu yi misali don ita ta fi yawa a hannun mutane.

Ka buɗe kwalin a kan tebur, ka fito da komai: kyamarar, caja, igiyar caja, ƴan ƙusoshi da abin liƙawa, sai ƴar takarda. Wannan takardar kar a yar da ita, a jikinta aka rubuta sunan manhajar da kyamarar ke aiki da ita, don kowane kamfani da tasa, ta TP-Link misali Tapo ake ce mata, ta Ezviz sunanta Ezviz, kuma ta wannan ba ta buɗe ta wancan. Ka juya kyamarar ka duba ƙasanta ko bayanta za ka ga wani zane mai kusurwa huɗu cike da ɗige-ɗige baƙi da fari, shi ne lambar QR. Ka kuma nemi wani ɗan maɓalli ko ɗan rami da aka rubuta RESET a gefensa, ka san inda yake tun yanzu, za mu dawo kansa.

Abu ɗaya nake roƙonku, kar wanda ya hau tsani ya fara huda bango tukuna. A kan teburin nan za a gama haɗa komai, kusa da rautar da ke ba gidan waifai, sai an ga hoto ya fito a waya sannan a yi maganar bango. Na ga mutum ya gama ɗaure tasa can sama ya buga ƙusa huɗu sannan ya tuna lambar QR ɗin tana bayanta, sai da ya sake kwancewa.

To a fara. Ka sauke manhajar daga Play Store ko App Store, ka duba sunan harafi bayan harafi ya yi daidai da na takardar don akwai na bogi masu kama da suna. Ka buɗe, za ta ce ka yi rajista da imel ko lambar waya, za su aiko maka da wasu lambobi ka kwafe su ka saka. Daga nan za ta riƙa neman izini, izinin kyamarar wayar, izinin bulutut, izinin sanin wurin da kake. Wannan na ƙarshen mutane da yawa suna ƙin bayarwa kuma ina fahimtar dalilinsu, sai dai a wayoyin Android da yawa manhaja ba ta iya ganin sunan waifai ɗin da kake kai sai da wannan izinin, don haka ka bayar lokacin haɗawa, in an gama kana iya komawa saitin waya ka janye abinka.

Yanzu jona kyamarar da wuta ka jira kamar minti ɗaya. Wata za ta juya kanta hagu da dama, wata za ta yi ƙara ko ta yi magana, kuma akwai ƴar fitila a gabanta da za ta fara ƙiftawa. Ƙiftawar nan tana nufin tana jira a haɗa ta. Launin fitilar ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani shi ya sa takardar ke da amfani. A cikin manhajar ka nemi alamar ƙari, wato +, yawanci tana sama ta hannun dama, ka danna, ka nuna wa wayar lambar QR ɗin da ke jikin kyamarar. Sai ta tambaye ka sunan waifai da kalmar sirrinsa.

Nan ne fa mutane suka fi maƙalewa, don haka bari mu tsaya mu daɗe. Rauta ta zamani tana watsa waifai ta hanya biyu, ɗaya ana ce mata 2.4 ɗayar kuma 5, in ka duba jerin waifai a wayarka wani lokaci za ka ga sunan gidanku sau biyu, ɗaya an ƙara masa 5G a ƙarshe. Ta 5 ta fi sauri amma ba ta nisa kuma bango yana tare ta, ta 2.4 ba ta kai ta gudu ba amma tana ratsa bango ta kai lungu. Mafi yawan ƙananan kyamarorin nan 2.4 kaɗai suka sani, ta 5 ko ganinta ba sa yi. To in wayarka tana kan ta 5 ka ce wa kyamara ta bi ta, za ka ga abu yana ta juyawa yana juyawa ya kai kusan ƙarshe sai ya ce ya kasa, kuma ba zai faɗa maka dalili ba. Wata baiwar Allah a ajinmu ta gwada sau shida har ta mayar da tata cikin kwali ta ce lalatacciya ce, da muka zauna tare muka mayar da wayar kan 2.4 ko minti biyu ba a yi ba sai ga fuskarta a cikin wayar tana kallon kanta, ta rufe baki da hannu. In rautarku ta haɗe hanyoyin biyu a suna ɗaya kuma abin ya ƙi, a shiga saitin rautar a kashe ta 5 na ɗan lokaci, a nan ba laifi a nemi wanda ya sani ya taimaka.

Kalmar sirrin waifai kuma a rubuta ta a hankali, babban harafi daban ƙaramin harafi daban, A ba ɗaya take da a ba, kuma sifili da harafin O suna kama sosai. Akwai ƴar alamar ido a gefen wurin rubutun, ka taɓa ta za ka ga abin da ka rubuta a fili.

Wasu kyamarorin bayan wannan sai wayar ce za ta fito da lambar QR a fuskarta a ce ka nuna wa idon kyamarar. Ka ƙara hasken wayar, ka cire ledar da ke liƙe a idon kyamarar in ba ka cire ba, ka riƙe wayar kamar taƙi ɗaya daga gabanta, wajen santimita 15 zuwa 20, kana matsowa kana ja baya a hankali har ka ji ta yi ƙara. In fitilar ta daina ƙiftawa ta tsaya cak, an gama. In kuma abu ya rikice gaba ɗaya, ka danne RESET ɗin nan da yatsa ko da tsinke ka riƙe kamar daƙiƙa 5 zuwa 10, za ta manta komai ta koma kamar sabuwa, sai a sake daga farko, babu abin da ya lalace.

Ka sa mata suna, ƙofar gida ko falo ko dai inda za ta zauna. Ka duba agogon da ke jikin hoton ya yi daidai da na wayarka, don ranar da za a nemi abin da ya faru ƙarfe biyun dare, in agogon ya karkace wahala za a sha.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a duk darasin nan. Wannan kyamarar ido ce da kunne da ka saka a cikin gidanka da hannunka, yadda kake ganin falonka daga nesa haka duk wanda ya samu kalmar sirrinka zai gani, ya ji hirar iyalinka, a wasu ma ya yi magana ta ciki. Kyamarori da yawa sun fito daga kamfani da kalmar sirri iri ɗaya, admin ko 12345, mutane kuma ba su canza ba. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa bin intanet tana gwada kalmomin sirri kusan 60 irin waɗannan a kan kyamarori da rautoci, ta shige dubban ɗaruruwa, kuma a watan Oktoba na shekarar aka yi amfani da su aka kai hari kan wani kamfanin intanet na Amurka mai suna Dyn har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga mutane da yawa na tsawon sa'o'i. Masu kyamarorin suna zaune a gidajensu ba su ma san da kayansu ake aikin ba. Saboda haka tun kafin ka tashi daga teburin nan ka canza kalmar sirrin. Kar ka sa sunanka ko na ɗanka ko shekarar haihuwa ko lambar waya, ka haɗa kalmomi uku ko huɗu da ba su da alaƙa da juna ka ƙara lamba, ta kai harafi 12 ko fiye, kuma kar ta zama wadda kake amfani da ita a Facebook. Ka rubuta a littafi ka ɓoye, rubutawa ba abin kunya ba ne. In manhajar tana da tabbatarwa mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an aiko da lamba wayarka, ka kunna. Duk ranar da ta ce akwai sabuntawa ga kyamarar ka yarda, ɓarakar da aka gano ce ake toshewa, sai dai kar a cire ta daga wuta yayin da take yi. In kana so maiɗakinka ko maigidanki su riƙa gani, akwai wurin rabawa a manhajar, kowa ya buɗe nasa asusun a tura masa gayyata, ya fi a riƙa yawo da kalmar sirri ɗaya baki baki.

Maganar ajiya gajeriya ce. Ko dai ka sa mata katin memori a ƴar kafar da ke jikinta, ko ka biya kamfanin duk wata su ajiye maka a intanet. In kati ne ka kashe kyamarar kafin ka saka, sannan ka yi masa fomat daga cikin manhajar, amma ka sani fomat yana goge duk abin da ke kai. In ya cika sabo ne ke hawa kan tsoho. A lissafi, hoton da ke cin megabit 1 a daƙiƙa yana cin wajen megabait 450 a awa, don megabit 8 ne ke yin megabait 1, kenan kati mai gigabait 32 zai ɗauki kusan kwana 3 in ba ta tsayawa, in kuma sai ta ga motsi take ɗauka zai daɗe sosai. Wannan lissafin dai shi ne na datar wayarka in kana kallo daga waje, don haka ka leƙa ka fita, kar ka bar shi a buɗe.

Sai wurin kafawa. Ka ɗauki wayarka ka je daidai inda kake son sa ta ka tsaya ka ga sandunan waifai nawa suka rage, in ɗaya ne hoton zai riƙa sarƙewa, a matso da rautar ko a canza wuri. Tsayi kamar mita 2 da rabi ya isa, hannu ba ya kaiwa da sauƙi kuma fuska tana fitowa, in ta yi sama da yawa tsakiyar kai kawai za ka riƙa gani. Kar ta fuskanci rana ko fitila mai ƙarfi, duk wanda ya shigo baƙi ƙirin zai fito. Kar kuma a ajiye ta bayan gilashin taga a ce tana gadin waje, ni na taɓa yin haka, da rana hoto tas, da dare ya yi sai fari fat kamar hazo, ashe ƙananan fitilun da take gani da su a duhu, waɗanda idonmu ba ya ganin haskensu, su ne ke dukan gilashin suna dawo mata. Ta cikin ɗaki ba ta jure ruwa, ta waje za ka ga an rubuta IP65 ko IP66 a kwalinta.

Kuma a ji tsoron Allah a inda ake nuna ta. Ƙofarka da harabarka naka ne, tsakar gidan maƙwabci da tagarsa ba naka ba ne, banɗaki da ɗakin kwanan wani kuwa babu ma maganarsu. Duk wanda ke zaune ko yake aiki a gidan a faɗa masa akwai kyamara kuma tana ɗaukar murya, ƙasashe da dama ma doka ta hana naɗar mutum a ɓoye.

Saƙon motsi shi ne na ƙarshe, wato saƙon da kyamarar ke turowa wayarka duk lokacin da ta ga motsi. Ranar farko wayar za ta yi ta ƙara, kyanwa ta wuce, labule ya kaɗa, inuwar bishiya ta motsa, har mutum ya gaji ya kashe saƙon gaba ɗaya, daga nan kuma amfanin ya tafi. Maimakon haka ka shiga saitin ka rage ƙarfin jin motsin zuwa tsakiya, ka zana mata iya wurin da kake so ta kula da shi, bakin ƙofa misali ban da titi, in tana da zaɓin gane mutum kaɗai ka kunna shi.

Aikin gida: ka kashe waifai na wayarka ka kunna data, ka fita waje ka buɗe manhajar ka ga ko hoton yana zuwa. Ka sa wani ya wuce ta gaban kyamarar sau ɗaya da rana sau ɗaya da dare, ka rubuta a littafinka ƙarfe nawa ya wuce da kuma ƙarfe nawa saƙon ya shigo, sannan ka nemo ɗaukar a cikin katin. Ku zo da littafin da wayar aji na gaba, kalmar sirrin kuwa a bar ta a gida, ko ni kar a nuna min.