An ce an ga ƙari a hantarka? Ga yadda ake bambance mai illa da marar illa

Jama'a mutane da yawa suna zuwa sikanin saboda ciwon ciki ko wani abu daban sai a ce musu an ga wani abu a hanta, daga nan barci ya ƙaurace. To a kwantar da hankali tukuna, yawancin abin da ake tsinta haka ba kansa ba ne, wato ba ciwon daji ba ne, musamman ga wanda hantarsa lafiya lau take tun farko.

Farko dai ka san matsayinka game da ciwon hanta na B da C, in ba ka taɓa gwaji ba yi shi yanzu, don likita mai karanta hoto yana bukatar wannan bayanin fiye da yadda kake zato. Ƙari iri ɗaya a hantar mai lafiya da kuma hantar da ta riga ta ƙanƙance ba fassara ɗaya ake musu ba.

Sikanin na farko ana son ka je ba ka ci komai ba kamar awa 6. In abin ya fito baƙi ƙirin da gefe sumul, yawanci jakar ruwa ce kawai, ba a taɓa ta. In ya fito fari tas ƙarami, sau da yawa himanjiyoma ne, wato dunƙulen jijiyoyin jini, shi ne ƙarin hanta marar illa da aka fi samu. In kuma da zazzaɓi da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, a yi tunanin ƙurji mai mugunya, wannan magani yake ji.

Amma sikanin shi kaɗai ba ya yanke hukunci, kuma nan ne nake jin takaici wallahi, mutum ya tara kuɗi da ƙyar ya je ya yi hoton CT ba tare da allurar kwantiras ba, wato ruwan da ake sa wa a jijiya don hoto ya nuna yadda jini ke gudana, ya dawo da hoton da bai amsa tambayar ba. Ka tambaya tun kafin ka biya: hoton hanta ne mai zango uku? Domin sirrin duka yana cikin yadda jini ke shiga ƙarin da yadda yake fita. Ita hanta kusan kashi 75 cikin 100 na jininta daga jijiyar da ta taso daga hanji yake zuwa, shi kuwa kansar hanta daga jijiyar da ke kawo jini daga zuciya yake sha. Shi ya sa ake ɗaukan hoto wajen daƙiƙa 35 bayan allura, a sake wajen 70, a kuma sake bayan minti 3 zuwa 5. Kansa tana haske sosai a zangon farko sannan ta dusashe ta fi sauran hanta duhu daga baya. Himanjiyoma kuwa a hankali yake cika daga gefe zuwa tsakiya kamar yadda ruwa ke jiƙa soso, kuma yana riƙe hasken. In ƙari da yawa ne warwatse masu zobe a gefe, ana zargin kansa ce ta yaɗo daga wani wuri, sai a nemi inda suka taso, hanji ko nono ko ciki.

Kafin allurar ana duba lafiyar ƙoda, ke kuma 'yar uwa ki faɗa in kina da juna biyu, ko kina shan ƙwayar tazarar haihuwa, don akwai wani ƙari, adinoma, da ke da alaƙa da ita. In CT bai warware ba, wani hoton da ake kira MRI ya fi gani.

A ripot za ka iya ganin LI-RADS, tsari ne na likitocin hoto na Amurka, daga LR-1 marar illa tabbas zuwa LR-5 kansa tabbas, amma fa masu ciwon hanta na B ko ƙanƙancewar hanta ko waɗanda aka taɓa samu da kansar hanta kaɗai ake auna wa da shi. Gwajin jini na AFP yana taimakawa sai dai yana iya fitowa daidai alhali kansar na nan, kar ka dogara da shi kaɗai. Ƙarin da bai kai santimita 1 ba yawanci sake hoto ake yi bayan wata 3 zuwa 6, wanda hoto ya kasa tantancewa kuma a ɗebi ɗan nama da allura a duba.

Ka ajiye tsofaffin hotunanka da faifan sidi ɗin, ka riƙa zuwa da su duk ranar ganin likita. In kana da ciwon hanta na B, ka tambayi likitanka ko kana cikin waɗanda ya kamata su riƙa sikanin duk wata 6.