Darasi na Tara: Ɗora Sabuwar Windows a Tsohuwar Laftof

Da yawa daga cikinmu laftof ta hannu muka saya, kuma Windows 10 ce a kanta. Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya rufe hidimar da yake yi wa Windows 10. Na'urar za ta ci gaba da aiki, amma ta zama kamar gidan da sakatar ƙofarsa ta lalace, ba mai zuwa gyara. Shi ya sa ake komawa Windows 11.

Kafin ka taɓa komai, kwashe kayanka. Hotunan suna da na biki, takardun makarantar yara, lissafin shago, duk ka zuba su a filashi. Sannan ka sa filashin a wata kwamfutar, ka buɗe, ka gani da idonka. Na san wata mai ɗinki da ta rasa hotunan ɗinkunanta na shekara uku, don mai gyara ya goge komai bai tambaye ta ba. Har yau abin yana damuna.

To, laftof ɗin za ta iya ɗauka? Windows 11 tana son RAM na akalla 4 GB, da fili na 64 GB, da wani ɗan abin tsaro a ciki da ake kira TPM 2.0. Ƙwaƙwalwar na'urar kuma, wato processor, in ta kamfanin Intel ce, sai ta kai zubi na 8. Shiga Settings, ka danna System, sai About. In ka ga i5-8250U, lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce zubin, wato 8. In kuwa i5-6200U ce, zubi na 6 ke nan, ba ta kai ba. Manhajar PC Health Check ma za ta faɗa maka kai tsaye.

In laftof ɗin ba ta cancanta ba, wani mai gyara zai ce zai tura mata Windows 11 ta dabara. Yana yiwuwa, amma Microsoft ba ta lamunce za ta riƙa aiko wa irin wannan na'urar gyaran tsaro ba. Ni dai na fi son a sa mata Linux Mint, wata manhaja da ake sawa a madadin Windows. Kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma za ka yi rubutu da shiga intanet lafiya lau.

In kuwa laftof ɗin ta cancanci Windows 11, shiga Windows Update. Ka jona caja, ka zaɓi lokacin da wuta ta zauna, ka tanadi data mai yawa. Za ta kashe kanta ta kunna sau da dama, allon ya yi baƙi na ɗan lokaci. Kada ka danna maɓallin kashewa, ka bar ta ta gama. In ba ka ji daɗin sabuwar ba, kana da kwana 10 ka koma tsohuwar.

Aikin gida: duba lambar ƙwaƙwalwar laftof ɗinka, ka rubuta ta a littafinka, ka zo mana da ita aji.