Kafin ka ba da tsohuwar motarka ka yi ciko

Shekarun baya na kai Corolla ɗina ƙirar 2004 wurin wani mai saida motoci a nan Maraɗi, idona na kan wata RAV4. Ya zagaya tawa sau ɗaya, ya bugi taya da ƙafa, ya ce: "Alhaji, bar taka, ƙaro miliyan 2 ka tafi da wannan." Na yi ta ja har ya rage jika 100, na koma gida ina murna. Bayan sati biyu na hango motata a wurinsa, an wanke ta tana ƙyalli. Na tura ƙanena ya ji kuɗinta, ni kuma na bincika nawa ake saida RAV4 irin wadda na karɓa. Da na yi lissafi, sai na ga kusan jika 600 na bari a ƙasa. Abin ya yi mini ciwo, don guminmu ne ni da iyalina.

Kuskurena ɗaya ne: a kan ciko na yi ciniki. Musayar mota ciniki biyu ne, kana saidawa kuma kana saye. In ka yarda aka dunƙule su, ba ka san ta ina aka rage ka ba. Wani zai ɗaga kuɗin taka don ranka ya yi fari, sannan ya ɗora a kan tasa.

To, ka raba su. Kafin ka buɗe baki da maganar musaya, kai motarka wurare uku a yi maka tayi na kuɗi hannu. Wanda ya taya ƙasa, ka ce albarka ka wuce, amma ka riƙe adadin. Wata rana kuma ka je a ƙafa, ko ka tura wani, a yi cinikin wadda kake so kamar za a biya lakadan. Sai an sallama sannan ka ce kana da mota. Yanzu ciko ya zama lissafin da ko yaro zai iya. In da dillali a tsakani, a yanke la'adarsa tun farko, a kuma san wa zai biya, don wani yakan ci ta gefe biyu.

Maganar gyara, kada ka zuba kuɗi da yawa. Wanki mai kyau har ƙarƙashi da cikin but, juyen mai, fitilar da ta mutu, madubin da ya tsage, waɗannan suna biyan kansu. Kilim, wato na'urar sanyaya mota, in gas kawai take so, a sa mata, domin a zafin Afrilu mai saye yana zama hannunsa ke kaiwa can. Amma sabon fenti, a'a. Mai saye yana ganinsa zai fara shafa jikin motar yana ƙwanƙwasawa, yana neman inda aka cike da boti bayan hatsari. Inji ko giya in suna da ciwo, ka faɗa a rage kuɗi. Garin nan ƙarami ne ga mai ɓoye aibi, gobe za ku haɗu a masallaci ko wurin suna, kuma addini ma ya hana.

Takardu su ne rabin kuɗin mota. Kart giris, wato takardar mallakar mota, da sunanka, asirans da bizit teknik (takardar binciken lafiyar mota) masu rai, da takardar duwan. A wurinmu da iyakar Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya ke nan kusa, motar da ta shigo ba a biya mata duwan ba tana da araha, amma ita ce ke kwana a hannun jami'ai. Wadda za ka karɓa, sunkuya da kanka ka karanta lambar shasi harafi bayan harafi, ka gwada da ta takarda. Ka zo da makanikinka, ba na mai mota ba, ku tada ta da safe inji na sanyi, ku hau hanyar Tibiri ku ji ta da gudu, ku sauka cikin yashi ku ji ƙafafunta.

Lokaci ma yana da tasiri. Da kaka, in an saida wake da gyaɗa da aya, kuɗi na yawo, tayi kan fi kyau. Kuma tun 2023 da aka rufe gadar Gaya ta iyakar Nijar da Benin, motocin Kwatano suka daina sauka yadda aka saba, aka koma zagaye ta Lome. Kada a saye taka da tsohon farashi a saida maka da sabo.

In kun daidaita, a rubuta takardar saye da saidawa ta kowace mota daban, da kuɗinta, da shaidu biyu, a buga mata hatimi a komisariya. Ka riƙe kofi, ka kuma matsa a sauya suna a kart giris, don in motar ta yi ɓarna a hanyar Dakoro, ƙofar gidanka za a fara bugawa.