Darasi na 9: Yadda ake ja wa gida wutar lantarki bisa ƙa'ida

Toh jama'a, darasin yau na wanda ya gama gini ne ko yake dab da gamawa, ko wanda ya kama shago yana so a sa masa wuta da sunansa. Ku karanta a hankali, in mun zo wajen lissafi kowa ya ɗauko biro da takarda.

Abu na farko da nake so ya zauna muku a rai shi ne, wayar da ta shigo gidanka ba taka ba ce kai kaɗai. Daga falwayar ƙofar gidanka ta tafi ta haɗu da ta maƙwabcinka, ta haɗu da ta mai shagon bakin titi, duk ku je ku haɗu a taransifoma ɗaya, kuma ita taransifomar nan tana da iyakar kayan da za ta iya ɗauka. In mutum ɗaya ya jona ba bisa ƙa'ida ba ya ɗora mata nauyin da ba a lissafa da shi ba, wutar kowa ce za ta yi ƙasa, fitilu su yi ja, firji ya dinga gurnani ya kasa tashi, ƙarshe in ta ƙone unguwa gaba ɗaya ce a duhu. Shi ya sa hukumar gari da masu rarraba wuta suka ce ba wanda zai jona sai an san da shi, an auna nauyinsa, an duba wayarin ɗin gidansa.

Wa ake nema? Wannan ya danganta da inda mutum yake zaune. A wasu wuraren ita hukumar birnin ce da kanta take sayar da wutar, kamar a Afirka ta Kudu inda garuruwa da yawa suke sarin wuta daga Eskom, kamfanin wutar ƙasar, su sayar wa mutanen garin. A wasu wuraren kuma kamfani ne yake rarrabawa, hukumar gari nata shi ne izinin gini da izinin haƙa titi da kafa falwaya. Ko wanne ne dai, ka fara zuwa ofishin da sunansa yake jikin takardar bil ta maƙwabcinka, su za su ba ka fom. Abin da aka fi tambaya shi ne katin shaidarka, da takardar da ta nuna gidan naka ne, in kuma haya kake sai ka haɗa da takardar amincewar mai gida, sai adireshi da lambar fili, wani lokaci har da zanen ginin da hukuma ta sa wa hannu. Duk kuɗin da ka biya ka karɓi rasit ka ajiye, kuma a ofis ake biya ba a gindin falwaya ba.

Akwai wani layi a fom ɗin da mutane suke cikewa da ka kawai, alhali shi ne ya fi kowane layi muhimmanci, wato inda aka ce ka rubuta nauyin wutar da kake buƙata. Ga yadda ake yi. Kowane kayan wuta in ka juya bayansa ko ƙasansa za ka ga lamba da harafin W a gefenta, wannan shi ne wat, ƙarfin da yake ja kenan. Mu ɗauka gida yana da ƙwan fitila 10 kowanne wat 10, ya zama 100. Fanka 3 kowacce wat 75, ya zama 225. Firji 150, talabijin 100, dutsen guga 1000, butar dafa ruwa 2000. In ka tara duka za ka samu wat 3575. Yanzu sai ka raba da ƙarfin wutar garinku, in bolt 230 ne za ka samu amp 15 da rabi, wannan shi ne yawan wutar da za ta bi ta cikin wayarka in an kunna komai a lokaci ɗaya. Ku lura da kyau fa, fitila goma da fanka uku da firji da talabijin duk ba su kai dutsen guga ɗaya ba. Duk abin da aikinsa shi ne ya yi zafi, shi ne mai cin wuta.

Da wannan lissafin ne ake yanke maka irin layin da za a ba ka. Gida madaidaici layi ɗaya ya ishe shi, wanda ma'aikata suke ce wa singil fes, wayoyi biyu ke shigowa, ɗaya mai wuta ɗaya nutural, wato wadda wutar take komawa ta cikinta. Mai injin niƙa ko walda ko babban famfon tura ruwa shi kuma tiri fes yake buƙata, wato layi uku, inda tsakanin layi da layi ake samun bolt 400. Don Allah kar mutum ya rage lissafi don a rage masa kuɗi, ya ce gidan kwana ne alhali injin walda zai sa, domin wayar da za a ja masa da fis ɗin da za a sa masa duk a kan abin da ya rubuta za a zaɓe su. In daga baya ka ƙaro kaya masu nauyi, ka koma ofis ka ce a ƙara maka, akwai fom ɗin hakan.

Ba ko'ina ba ne bolt 230. Yawancin ƙasashen Turai da Afirka da Asiya shi suke bi, amma Amurka da Kanada 120 ne a soket ɗin gida, Japan kuma 100, don haka in an kawo maka kaya daga nesa ka karanta lambar jikinsa kafin ka cusa a soket.

Yanzu mu zo kan wayarin ɗin cikin gida, nan ne zan ɗan daɗe saboda nan ake rasa rayuka. Doka a ƙasashe da yawa ta ce mai lasisi ne zai yi aikin, kuma shi zai sa hannu a takardar shaida cewa ya yi shi daidai ya kuma gwada. Wannan doka ba jiya aka fara ta ba. A Ingila tun 1882 aka fitar da ƙa'idojin wayarin na farko, kuma saboda gobara aka rubuta su. Amurka ta fitar da nata kundin a 1897, har yau kuma duk shekara uku ake sabunta shi. A Faransa sabon gida ba ya samun wuta sai ya kawo takardar shaida daga hukumar da ake kira Consuel. Kun ga kenan ba wai an tsane ku ba ne da aka ce sai an zo an duba.

Me ake dubawa? Na farko kaurin waya. Siririyar waya in aka ɗora mata wuta mai yawa zafi take yi, kuma zafin nan ba a hankali yake ƙaruwa ba, in wutar ta ninka sau biyu zafin ninkawa yake sau huɗu, sai robar jikinta ta narke a cikin bango ko a saman silin inda ba mai gani. A ƙasashen da ke auna waya da milimita an saba sa mai 1.5 a layin fitilu, mai 2.5 a layin soket, abu mai nauyi kamar kukar lantarki kuma a ja masa layinsa daban da waya mai kauri, sau da yawa mai 6. Sannan kowane layi da bireka ko fis daidai ƙarfin wayarsa. Ku riƙe wannan, bireka waya yake karewa, aikinsa ya faɗi kafin waya ta yi zafi, saboda haka in yana yawan faɗuwa magana yake maka, ba a cire shi a sa babba, ba a kuma ɗaure fis da guntuwar waya.

Na taɓa tsayawa a wani gida ranar da mai duba aiki ya zo. Gida ya yi kyau, an sha fenti, soket-soket sababbi fil. Mutumin nan bai ko kalli fentin ba, tsani ya nema ya ɗaga silin ɗaya ya haska tocila, sai ya kira mai gidan ya ce hau ka gani da idonka. Wayoyi uku ne aka murɗe da hannu aka naɗe da leda, ba akwatin haɗi ba komai, an kwantar da su a kan katakon rufi, kuma daidai ƙarƙashin wajen nan ne aka ajiye gadon yara. Ran mai gidan ya ɓaci ranar don an ce ba za a jona ba sai an gyara, amma ni wallahi har yau in na tuna ledar nan a kan busasshen katako sai gabana ya faɗi.

Na biyu shi ne atin, wato wayar ƙasa. Ita ce ta uku a soket, tana haɗe da jikin ƙarfen firji da dutsen guga da injin wanki, ta tafi har wani sandan ƙarfe da aka kafa a cikin ƙasa ko kuma wajen da masu wuta suka tanada. In waya ta goge a cikin firji ta taɓa jikinsa, wutar sai ta bi wannan hanya ta gudu, bireka ya faɗi. In babu atin kuwa, wutar tana nan zaune a jikin firjin tana jiran wanda zai taɓa, shi zai zama hanyar. Ana haɗa ta da wani bireka na musamman da ake kira RCD, shi kuma aikinsa ya dinga gwada wutar da ta fita da wadda ta dawo, da ya ga ta yi yoyo ko da miliamp 30 ne sai ya yanke cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Miliamp kashi ɗaya ne cikin dubu na amp, kuma miliamp 30 fa bai kai abin da ƙwan fitila mai wat 10 yake ja ba, amma wutar da ta ɗara haka kaɗan in ta ratsa ƙirjin mutum tana iya rikita bugun zuciya. A jikin RCD akwai ɗan maɓalli mai harafin T, ana danna shi lokaci-lokaci, in ya faɗi yana aiki, in bai faɗi ba a kira mai gyara.

Launin waya ma ana dubawa, kuma yana ruɗa mutane. A tsarin da ƙasashe da yawa suke bi yanzu, ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya nutural, mai kore da rawaya ita ce atin. A tsohon tsarin Ingila ja ce mai wuta baƙa kuma nutural, amma a Amurka baƙar ce mai wuta. Don haka kar wanda ya ga baƙar waya ya ce ai wannan ba ta ja, sai an sa testa.

In an gama dubawa an sa hannu, sai ma'aikatan wuta su zo su ja waya daga falwaya, su sa katawut, wato babban fis ɗinsu, da mita, su buga musu hatimi. Daga nan akwai iyaka da ya kamata kowa ya sani. Daga falwaya zuwa mita nasu ne, ko kai ka biya kuɗin jawowa ba ka da ikon taɓawa, daga bayan mita zuwa cikin gida kuma naka ne, gyaransa da alhakinsa duk a wuyanka. Mita ana so a sa ta inda za a iya zuwa a karanta, inda ruwan sama ba ya dukanta. Cire hatimi ko zagaye mita laifi ne da ake yanke wuta a ci tara a kansa, wasu wuraren har kotu, haka ma ja wa maƙwabci waya ta kan katanga. Na san sau da yawa tausayi ne yake sa a yi, amma wayarka ba a auna ta da nauyin gida biyu ba, kuma in wani abu ya faru sunanka ne a takarda. Abin da mita take ƙirgawa shi ne yunit, yunit ɗaya kuwa shi ne wat 1000 na tsawon awa ɗaya, wato guga na awa ɗaya cur da dutsen da muka yi lissafi da shi ɗazu. Mai shiga gidan haya ya rubuta lambar mita da abin da ta nuna ranar da ya shiga, ya kuma tambaya ko akwai tsohon bashi a kanta.

Mai janareta ko sola, akwai taku dokar. Dole a sa makunnin canji wanda zai raba gidan da layin gari kafin wutar janareta ta shiga. Dalili kuwa taransifoma ta kowane ɓangare take aiki, in wutar janaretarka ta koma kan layi, taransifomar da take sauko da bolt dubu 11 zuwa na gida za ta iya ɗaga taka ta mayar da ita dubbai, ga kuma ma'aikaci can a saman falwaya ya kashe layi ya sakankance babu wuta ya kama waya da hannu. Wannan bawan Allah yana da iyali a gida kamar kowa. Shi ya sa ba a yarda a cusa wayar janareta a soket ɗin bango ba, kuma mai son haɗa sola da layin gari sai ya nemi izini tukuna.

Wanda bai fara gini ba kuma ya ɗaga kai ya duba sama. In babban layi ya ratsa ta kan filin ko gefensa, akwai tazarar da doka ta ce a bari, ka tambayi ofis nawa ce kafin ka sa bulo ɗaya, domin wuta mai ƙarfi tana tsallakowa ta iska ba sai an taɓa waya ba, rodi ko tsanin ƙarfe in ya matsa kusa ya isa. In kana buƙatar wuta lokacin gini akwai ta wucin gadi da ake nema da mitarta daban, in an gama a cire.

Aikin da za ku zo da shi darasi na gaba: kowa ya zagaya gidansa ya juya kayan wuta biyar, ya kwafo sunan kowanne da lambar da ke kusa da harafin W, ya tara su, ya raba da ƙarfin wutar garinsu. Sannan ya buɗe murfin akwatin bireka na waje, banda wanda aka ɗaure da kusoshi, da busasshen hannu da takalmi a ƙafa, ya ƙirga bireka nawa ne, ya duba ko akwai mai maɓallin T, ya rubuto mana abin da ya gani.