Babi na Bakwai: Takardun Fili, Haya da Jingina

An shirya wannan babi ne domin wanda yake niyyar sayen fili, ko kama hayar gida, ko karɓar bashi da takardar gidansa. Malami ya karanta kowane darasi da ƙarfi sau biyu kafin ɗalibai su gwada da kansu, kuma kada kowa ya ji nauyin yin tambaya, domin dukkanmu koyo muke yi.

Darasi na 1: Ƙasa a hannun wa take?

A Nijeriya akwai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa a zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, kuma har yau da ita ake aiki. Dokar ta damƙa dukkan ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Saboda haka abin da kuke saya idan kun sayi fili shi ne haƙƙin zama a kansa da yin amfani da shi. A cikin birni gwamna ne yake ba da wannan haƙƙi, takardar shaidarsa kuwa ita ce ake kira C of O, wadda yawanci take ɗaukar shekara 99 idan filin na gidan zama ne. A karkara ƙaramar hukuma ce take bayarwa.

Takardar mai unguwa ko ta dagaci tana da amfani, domin tana nuna cewa an san cinikin a unguwa, amma ba ta zama a madadin takardar gwamnati. Kafin ku ba da ko da kafin alƙalami, ku je ofishin filaye na jiharku, wato KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, ku nemi a duba muku ko sunan mai sayarwa ne a kan filin, da kuma ko an jinginar da shi. Idan filin yana da C of O, sai da amincewar gwamna cinikin yake cika. Idan kuma na gado ne, ku tabbatar an raba gadon, ko kuwa dukkan magada sun yarda da sayarwar.

Darasi na 2: Takardar ciniki da dangwale

A nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe, don haka za mu tafi a hankali. Takardar ciniki tana ɗauke da cikakken sunan mai sayarwa da na mai saye, da wurin da filin yake, da girmansa, da waɗanda ya yi iyaka da su gabas da yamma, kudu da arewa. Tana kuma ɗauke da kuɗin, da kwanan wata, da sunayen shaidu. Kwanan wata yana nufin rana da wata da shekara, su ukun duka. A rubuta kuɗin sau biyu, da lamba da kuma da kalmomi, domin tsakanin 500,000 da 5,000,000 sifili ɗaya ne kacal, alhali na farko naira dubu ɗari biyar ne, na biyu kuwa miliyan biyar.

Yanzu ga matakin da ya fi kowane muhimmanci. Kada ku sa hannu, kada kuma ku dangwala yatsa, sai an karanta muku takardar daga layin farko har zuwa na ƙarshe. Wanda zai karanta ya kasance naku ne, kamar ɗanku ko ƙaninku ko malamin ajinku, ba dillali ba, domin dillali la'adarsa yake jira, kuma ba zai same ta ba sai ciniki ya faɗa. Idan da Turanci aka rubuta, a fassara muku jimla bayan jimla. Wanda ya ce muku "ai abin da muka yi magana ne aka rubuta" bai karanta muku komai ba.

Mu maimaita. Karatu shi ne farko, dangwale shi ne ƙarshe. Idan takardar shafi uku ce, a karanta shafi ukun. Idan akwai gurbin da aka bari babu rubutu, a cike shi ko a ja masa layi a gabanku, sa'an nan a sake karantawa, sa'an nan ku dangwala. Idan an gyara ko da kalma ɗaya ce bayan an karanta, karatun farko ya ɓaci, sai a sake. Wanda ya fara iya haɗa baƙi ya bi layin da yatsansa yayin da ake karantawa, ya nemo sunansa da adadin kuɗin da idonsa. Wannan abu ne da za ku iya, tun da kun riga kun koyi rubuta sunayenku da lambobi a babobin baya.

Akwai dokar da take kare wanda bai iya karatu ba. Ta wajabta wa wanda ya rubuta takarda a madadinsa ya sa sunansa da adireshinsa a jikinta, a matsayin shaidar cewa an karanta wa mai ita, an kuma bayyana masa abin da ta ƙunsa kafin ya dangwala. Ku nemi a rubuta wannan bayani a ƙasan takardar. Amma ku sani cewa warware takardar da yatsanku yake kai aiki ne na kotu, mai cin lokaci da kuɗi.

Iyayena da 'yan'uwana, ya zama dole in faɗa muku gaskiya. Mun sha maimaita wannan a aji, amma har yanzu idan aka miƙo takardar gwaji wasunku tawada suke fara nema. Kunyar dattijon da ke zaune ko gudun a ce ba ku yarda da mutane ba ba hujja ba ce. Mutumin da zai ƙirga canjin naira ɗari biyu a kasuwa bai kamata ya dangwala a kan kuɗin gida ido rufe ba. A karanta tukuna. Bayan an gama, ku karɓi kwafinku a wurin, kada ku yarda a ce za a aiko muku.

Aiki: Ɗalibai su zauna biyu-biyu, ɗaya ya miƙa takarda yana gaggawa, ɗayan ya amsa da cewa, "Sai an karanta mini." A yi haka sau uku, sa'an nan a yi musanya.

Darasi na 3: Haya

Duk lokacin da kuka biya kuɗin haya ku karɓi rasit, wanda ya nuna adadin kuɗin da kuma lokacin da ya biya, daga ranar kaza zuwa ranar kaza. Yarjejeniyar haya ta fayyace wanda zai yi gyara da wanda zai biya kuɗin wuta da na ruwa, kuma ita ma sai an karanta kafin a dangwala. Idan yarjejeniya ba ta faɗi wa'adin tashi ba, dokar da ake aiki da ita a Abuja ta ba mai hayar wata notis na wata ɗaya, mai hayar shekara kuma wata shida, sa'an nan a ƙara masa na kwana bakwai kafin a tafi kotu. Kowace jiha tana da tata dokar, sai ku tambayi lauya ko magatakardan kotu. Mai gida ba shi da ikon cire rufi ko watsar da kaya waje da kansa, ko da ana bin ɗan haya bashi.

Darasi na 4: Gini

Kada a haƙa harsashi sai an sami izinin gini daga hukumar tsara birane, wato KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. Ginin da ba shi da izini ana iya rushe shi.

Darasi na 5: Jingina

Wanda ya ba banki takardar gidansa ya karɓi bashi, idan ya kasa biya, banki yana iya sayar da gidan. Ku tambayi jimillar abin da za ku biya da ranar biyan ƙarshe. Ƙa'idar darasi na 2 tana aiki a nan ma.

Aiki: Kowa ya rubuta kwanan watan yau da kuɗin hayarsa a littafinsa, da lamba da kuma da kalmomi.