Gyaran tsohuwar tarakta da bidiyon intanet: wuraren da aka fi yin kuskure

Kafin ruwan farko ya sauka, daga Maris zuwa Mayu, da wuya ka shiga gareji a Garwa, Gidar, Marwa ko Yagwa a arewacin Kamaru ba ka tarar da jar tarakta a kwance ba. Yawanci Massey Ferguson ne: 135, 165, 275, 290, da 375 irin waɗanda ake haɗawa a Pakistan. Wasu sun girmi masu tuƙa su, tunda 135 ta fara fita tun 1964. Babu kwamfuta a cikinsu, duk abin da ya lalace hannu na iya kaiwa gare shi, shi ya sa matasa da yawa suke koyon gyaransu daga YouTube da Facebook. Muna goyon bayan wannan ƙwarai. Matsalar ita ce mai bidiyo taraktarsa yake gyarawa, a ƙasarsa, da kayan aikinsa, kuma ba ya gaya maka inda taka ta bambanta da tasa.

Lambar da ke jikin bonet ba ita ce shaida ba

Kuskure na farko shi ne neman bidiyo da lambar da aka liƙa a gefen tarakta. A cikin shekara arba'in an canza bonet, an canza inji, wani lokaci an haɗa tarakta biyu ta zama ɗaya. Ka goge gefen inji da tsumma da gazwal, wato man dizal, ka nemo lambar da Perkins, kamfanin da ya ƙera injin, ya buga a jikin ƙarfe. Idan ta fara da CE, injin silinda uku ne na 152. LD na nufin 4.236, LF kuwa 4.248. Waɗannan biyun na ƙarshe a ido kamar tagwaye suke, amma faɗin silindar na farko milimita 98.4 ne, na biyu kusan 101. Wanda ya sayi fistin da zobba da lambar bonet zai iya yin tafiya har Garwa ya dawo da kayan da ba za su shiga ba.

Haka kuma 135 an ƙera ta a Ingila, an ƙera a Faransa, an ƙera a Amurka, kuma da yawa daga cikin na Amurka injin fetur gare su. In ka ga mai bidiyo yana maganar fulogi da kafireto, ka wuce, ba taka yake nufi ba.

Sai batun awo. Ba'amurke in ya ce a ɗaure ƙusa zuwa 100, da ma'aunin fut-fam yake magana, wato kusan nuton-mita 136. Makullin awon da ake samu a nan galibi nuton-mita yake nunawa, to in ka tsaya a 100 ka rage fiye da kwata na ɗaurin. Ka ninka lambarsa da 1.36. Galan ɗinsa lita 3.8 ne, na Bature ɗan Ingila lita 4.5. Iskar taya kuma, psi 14.5 nasu shi ne bar ɗaya a ma'auninmu.

Ƙusoshin tsofaffin taraktocin Ingila na inci ne. Kan ƙusa mai rabin inci milimita 12.7 ne, sifana 13 tana kama shi da ɗan sako-sako, sai ta cinye kusurwoyinsa tun a ja na biyu. Mai 9/16 kuwa 14 ba ta shiga, 15 ta yi yawa. Sayen sifanu huɗu na inci, wato 7/16, 1/2, 9/16 da 5/8, ya fi arha a kan kwana guda ana fama da kurfi da guduma.

Kwancewa kafin a gano ciwon

Bidiyon da aka fi kallo shi ne wanda aka buɗe inji ɗungurungum, don haka mai koyo yakan ɗauka gyara shi ne kwancewa. Tarakta ta rasa ƙarfi a gona, sai a ce zobba ne ko famfon gazwal. Sau da yawa abin bai kai nan ba. Ka fara da mai arha: iska tana shiga? Mai yana zuwa? Hayaƙi ma yana ba da labari. Baƙi na nufin mai ya fi iska yawa, a duba matacin iska da nozul, wato mai fesa gazwal cikin silinda. Mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne yake ƙonewa. Fari da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ko dai ruwa ne ke shiga silinda ko gazwal ne ba ya ƙonewa daidai.

Matacin iska ya cancanci a tsaya a kansa, domin masu bidiyon Turai ba su san ƙurar hunturu ba, ba su san ƙurar da garma ke tayarwa a busasshiyar gonar auduga ba. In naka mai kwanon mai ne, a lokacin aiki kullum da safe ka sauke kwanon. Laka ta taru kamar santimita ɗaya, a zubar, a wanke da gazwal, a zuba sabon baƙin mai daidai layin da aka zana. Kada a wuce layin da sunan ƙarin kariya: inji na iya zuƙar man ya yi ta gudu da kansa, ko ka ja madannin kashewa ba zai tsaya ba. In na takarda ne, kada a buga shi a jikin taya. A hura iska a hankali daga ciki zuwa waje, a haska tocila a ciki, in haske ya ɓullo ta wata ɓula a jefar da shi. Ɓula ɗaya ta isa ta cinye zobba cikin damina ɗaya.

Gazwal da fitar da iska

Nan ne aka fi shan wahala. Man da ake saya a jarka ko a durom yakan zo da ruwa da datti, babban famfon gazwal samfurin CAV da ke kan waɗannan injuna kuma gazwal ɗin ne kansa yake shafa masa mai a ciki. Ruwa kaɗan ya isa ya sa tsatsa. A bar durom ya kwana a karkace, a ɗebo daga sama, a tace, kada a taɓa zuƙe shi har ƙasa. Kwalbar da ke ƙarƙashin mataci a riƙa tsiyaye ruwanta. A cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, domin tankin da ya kwana rabi yana tara raɓa a ciki.

Wajen canza matacin mai akwai kuskuren da bidiyo ba ya nunawa, saboda hannun mai yi yana rufe wurin. Babbar robar sama a cikin ramin murfin mataci take zama, ba a kan matacin ba. In ka ɗora ta a kansa za ta toshe ramukan da mai ke bi, ka yi ta famfo har hannu ya gaji ba abin da zai fito. Kuma ka tabbata tsohuwar robar ta fita daga ramin, don roba biyu a wuri ɗaya iska suke ja.

Fitar da iska tana da tsari. Ka sassauta ƙusar saman mataci, ka yi ta danna hannun ƙaramin famfon da ke gefen inji har mai ya fito ba kumfa, ka ɗaure. In ka ji hannun famfon ba ya ɗaukar komai, ba lalacewa ya yi ba, juya inji zagaye ɗaya ka sake gwadawa. Daga nan sai ƙananan ƙusoshi biyu na jikin babban famfo, ta ƙasa tukuna, sannan ta sama. Siraran ƙusoshi ne, da yatsu biyu ake ɗaure su, masu karya su sun fi masu barin su a sake yawa. Ƙarshe a sassauta bututu biyu a bakin nozul, a buɗe totur, a tabbata madannin kashewa yana ciki, a buga sitata. Kada bugu ɗaya ya wuce daƙiƙa 15, a huta minti guda, in ba haka ba sitata ce za ta ƙone.

Babban famfon kansa da nozul kuwa, kowane irin bidiyo ka gani, ka kai wa mai injin gwaji. Ana nuna yadda ake yanke hatimi a ƙara mai don ƙarin ƙarfi. Abin da ke biyo baya baƙin hayaƙi ne, da zafi, da asarar gazwal. Kuma kada ka taɓa sa hannu gaban nozul yana feshi. Ƙarfinsa ya haura bar 150, yana huda fata, kuma raunin da ya yi kama da cizon sauro yana iya kai mutum ga rasa yatsa in ba a je asibiti nan take ba.

Zafi

A watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, maganin da aka saba shi ne a cire tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, a jefar. Ba magani ba ne. A yawancin injunan nan akwai gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya ratsa lagireto ba, kuma tamostat ne ke tsara rabon. Ka gwada shi a tukunya: ya kamata ya fara buɗewa wajen digiri 80. In ya buɗe, mayar da shi ka nemi ciwon a wani wuri. Galibi haƙarƙarin lagireto ne ya toshe da ƙaiƙayi da zaren auduga, a wanke daga ɓangaren fanka zuwa waje. Ko bel ya saki: in ka danna tsakiyarsa da babban yatsa bai kamata ya nutse fiye da santimita ɗaya da rabi ba. Ko murfin lagireto ya daina riƙe iska. Ruwan rijiya mai gartsi yana barin farin dutse a bututu, ruwan sama da aka tace ya fi, tare da maganin hana tsatsa. In inji ya tafasa a gona a bar shi ya huce. Zuba masa ruwan sanyi a wannan hali shi ne ke tsaga kan inji, wanda a garejinmu ake kira kulas.

In har an kai ga buɗe kulas, a sa sabon gaskit, ba tare da shafa silikon ba, a ɗaure daga tsakiya zuwa gefe a mataki uku da makullin awo. Tsofaffin Perkins suna son a sake bin ɗaurin bayan awa 25 zuwa 50 na aiki, abin da bidiyo ba ya nunawa tunda an riga an kashe kyamara. Bayan kowane ɗauri a sake saita bawul: milimita 0.30 inji na sanyi. A injin silinda huɗu, idan bawul ɗin na 4 suna musayar motsi sai a saita na 1, na 2 a saita na 3, na 1 a saita na 4, na 3 a saita na 2. Wannan dabara ba ta aiki a silinda uku, kuma mutane da yawa sun ɗauko ta daga bidiyon 165 sun ɗora wa 135. Hanya mai sauƙi a nan: juya inji har bawul ya buɗe gaba ɗaya, ƙara cikakken zagaye ɗaya, saita shi, ka wuce na gaba.

Man giya da ɗaga garma

A waɗannan taraktoci giya da akwatin baya da famfon ɗaga garma mai ɗaya suke sha. Waɗanda birkinsu ke cikin mai, kamar yawancin 275, 290 da 375, suna buƙatar man da aka rubuta UTTO ko STOU a jikinsa. Man giyar mota mai lamba 90 yana sa birki ƙara da fizga, famfo kuma ya yi nauyi da safe. In mai ya koma fari kamar kunu, ruwa ne ya shiga, yawanci ta yagaggun robobin sandar giya lokacin damina. Canza mai ba tare da canza robobin ba zubar da kuɗi ne. Kafin a ɗaga murfin da ke ƙarƙashin kujera saboda garma ba ta tashi, a duba yawan mai, a wanke ragar famfo, a kuma duba sanduna biyu masu sarrafa ɗaga garma da ke gefen dama na kujera, don sau da yawa ɗaya ce ba ta wurinta.

Abin da ke kashe mutum

Masu bidiyo suna raba tarakta biyu don canza kuloci a kan daɓen siminti, da jak mai taya. Mu a kan yashi muke. A shimfiɗa katako mai kauri, a tokare tayoyin baya gaba da baya, a cusa katako tsakanin gatarin gaba da jikin inji ta ɓangarori biyu, domin gaban tarakta a kan ƙusa ɗaya yake lilo, da an raba zai kife gefe. Kada a dogara da jak kaɗai, kada kuma a yi tokari da bulo, yana fashewa ba gargaɗi. Garma a sauke ta ƙasa kafin kowa ya shiga ƙarƙashi.

Tayar da inji da sukudireba a jikin sitata ya zama al'ada, har yara masu koyo sun iya. Mai yin haka yana tsaye ne daidai gaban tayar baya, in tarakta na cikin giya ba shi da inda zai gudu. Massey Ferguson ta sa makunnin kariya a ƙaramar sandar giya, inji ba ya tashi sai tana kan S. Idan makulli ya daina aiki, yawanci wannan makunnin ne ko wayarsa, gyaran rabin awa ne. Haka nan cire kan batir inji na aiki don a ga ko caji na zuwa: a zamanin dinamo an yi, amma altaneta ƙonewa yake yi. Ƙaramar mitar lantarki ta isa, ka ɗora ta a kan batir inji na gudu, ka ga tsakanin bolt 13.8 da 14.4. Kafin ka haɗa batir a tsohuwar taraktar Ingila mai dinamo, duba wace waya ce ke zuwa jikin ƙarfe, domin a wasu daga cikin na farkon, ta mai alamar tarawa ce.