Yadda ake bin jirgin ƙasa daga Alƙahira zuwa Aswan in za a dawo gida Sudan

Tunda muka dawo Wad Madani wayata ba ta huta ba, kullum sai wani daga cikin 'yan'uwanmu da suka rage a unguwannin Faisal ko Ard al-Liwa can Alƙahira ya kira yana tambaya wai ta ina muka bi, nawa muka kashe, Inna ta iya jure hanyar kuwa. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. In kana da tsoho ko yara ƙanana, daga Alƙahira zuwa Aswan ka hau jirgin ƙasa, ka bar bas sai inda ya zama dole. Bas ɗin nan gaba yana jiranka, za ka zauna a cikinsa har ka gaji da kanka, don haka wannan kilomita wajen 880 ɗin na farko gara ka yi su a inda mutum zai iya miƙewa ya taka, ya shiga bayi ba sai ya roƙi direba ba.

Kafin komai takardu. Fasfo na kowa har jariri, kuma wanda yake da katin Mufawwadiya, wato hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya fara zuwa can ya gama da fayil ɗinsa tun kafin ya sayi tikiti, kar sai ya isa boda a ce masa koma. Ka sa su a 'yar jakar da take jikinka, ba cikin akwatin da aka ɗaure da igiya aka cusa ƙarƙashin wasu biyar ba.

Sai tikiti, Misirawa tazkara suke cewa kamar mu. Ka je taga da kanka kwana biyu ko uku kafin ranar, da fasfo a hannu domin kuɗin ɗan ƙasa daban na baƙo daban, za a tambaye ka. Kada ka saya a hannun masu tare mutane a bakin tasha suna cewa kujeru sun ƙare amma su suna da, kuma kada ka ce bari in hau kawai in biya kumsari mai duba tikiti a ciki, zai karɓa fa amma da tara a kai kuma ba kujera, awa goma sha uku kana tsaye a bakin ƙofa kusa da bayi. Jiragen kala-kala ne. Akwai Talgo sabo mai tsada, akwai wanda suke kira Asbani da VIP masu na'urar sanyi, akwai Rusi wanda wasu taragunsa fanka ce kawai, sannan akwai na kwana mai gado wanda gaskiya ba don irinmu aka yi shi ba, na masu yawon buɗe ido ne. Ni dai shawarata daraja ta biyu mai sanyi, kujerar tana kwantawa baya, akwai wurin miƙe ƙafa, kuɗin kuma bai kai na ta ɗaya ba. Tun watan Yuli na 2025 an fara wani jirgi na musamman kyauta daga tashar Ramsis ta Alƙahira don 'yan Sudan masu komawa, amma shi sai ka yi rajista an kira sunanka, wanda zai iya jira ya jira, mu lokacin haya ta ƙare mana ba mu da halin zaman jira.

Yanzu ga inda ni na yi wauta, kuma wallahi ba laifin kowa ba ne sai nawa. Duk wanda ya zauna Alƙahira in an ce jirgin ƙasa Ramsis ce take zuwa masa a rai, ka sauka a metro ta Shuhada ka haura sama shikenan. To a 2024 sun buɗe wata sabuwar tasha ƙatuwa a Bashtil ɓangaren Giza don jiragen kudu, kuma wasu jiragen daga can suke tashi. Ni ban ko kalli takardar ba, na kwashi iyali da kaya a mota biyu muka nufi Ramsis, sai da wani ma'aikaci ya karɓi tikitin ya juya shi ya nuna min da yatsa. Inna ba ta ce komai ba, kallona kawai ta yi, ni kuwa da ma zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Allah ya taimaka mun fito da wuri, muka sake ɗaukar mota cikin cunkoson magariba muka isa ana saura minti kaɗan. Saboda haka ka karanta sunan tashar da aka rubuta, lambar jirgi, lambar tarago, lambar kujera, kuma da lambobin Larabci suke. Mutanen Faisal suna son hawa a tashar Giza saboda kusa ce, in kai kaɗai ne da jaka ɗaya ba matsala, amma jirgin 'yan mintuna yake tsayawa a can, mai akwati takwas da tsohuwa gara ya je inda jirgin yake tashi ya shiga a natse.

Na dare za ka ɗauka, wanda yake tashi tsakanin magariba da ƙarfe goma. Dalili biyu ne. Yara za su yi barci rabin hanya, sannan za ka shiga Aswan da safe ba cikin duhu ba. Ku haɗa magariba da isha kafin ku hau, asuba kuma a hanya za ta same ku, alƙibla tana hannun hagu in jirgi ya fuskanci kudu.

Maganar sanyi kar ka raina ta. Na'urar nan ba sa rage ta, cikin dare sai ka ji kamar an sa ka a firji, mu da muka taso da zafin Jazira, yankinmu na Wad Madani, ba mu saba ba. Kowa ya riƙe bargo ko babban mayafi da safa a hannu. Abinci ma ka taho da naka, burodi, ta'amiya, dafaffen ƙwai, dabino, ruwa mai yawa. Akwai mai tura keken shayi yana wucewa lokaci-lokaci, ka tambayi kuɗin kafin ya zuba, ka kuma riƙe canji ƙanana. Bayi kuwa da farkon tafiya lafiya lau, wajen asuba sai a hankali, ka shiga da sabulunka da 'yar butarka, kuma ka kai tsofaffi tun da wuri.

To maganar kogi, wadda ita ce ta sa ni nake son hanyar nan. Mutane suna zaton tunda layin yana bin Nilu za su yi ta kallon ruwa daga farko har ƙarshe, ba haka ba ne. Daga Giza jirgin yana gefen yamma na kogin, yana wuce Bani Suwaif, Minya, Asyut, Suhaj, kuma ruwan da za ka riƙa gani kusa da taga a tsakanin Bani Suwaif da Asyut yawanci ba kogin ba ne, babbar tur'ar Ibrahimiyya ce, hanyar ruwan da aka haƙa don noma, irin dai tur'o'inmu na Jazira amma ta fi faɗi. Duk wannan ma cikin dare za ka wuce shi. A Naja Hammadi ne jirgin yake tsallaka gada ya koma gefen gabas, in kana farke za ka ji ƙarar ƙarfen ta canza, daga nan kogin ya dawo hannun damanka har Aswan. Don haka in mai tikiti mutumin kirki ne ka roƙe shi kujerar taga ta dama, in bai yiwu ba da safe mutane da yawa suna sauka a Luksor, sai ka matsa.

Daga Luksor zuwa Aswan wajen awa uku ne, kilomita ɗari biyu da 'yan kai, kuma nan ne abin kallo. Gari ya waye, gonakin rake kore shar, mu lokacin sanyi muka bi ana tsakiyar yanka, ga wasu ƙananan jirage a siririn layi suna jan rake zuwa masana'antar sukari. Bayan Isna da Idfu ƙasar noman sai ta tsuke, wani wurin daga bakin ruwa zuwa dutse bai fi ka yi jifa ba, dabino jere, kwale-kwale mai farin tanti yana tafiya a hankali, wani yaro kan jaki yana ɗaga wa jirgi hannu. Inna da ta kwana ba ta ce min uffan ba saboda abin Bashtil, sai na ga ta goge gilashin da gefen mayafinta ta manna goshi, can ta ce "kai, wannan ai ruwanmu ne, ta ƙofar gidanmu ya wuce." Ita 'yar Mai Wurno ce, a bakin Shuɗin Nilu aka haife ta, kuma ba ta yi ƙarya ba, yawancin ruwan daga can yake gangarowa ya haɗu da Farin Nilu a Mugran ta Khartum. Na ce "Inna to kin huce kenan?" ta ce "zuba min shayi dai." Bayan Kom Ombo akwai Darau, garin kasuwar raƙuma, raƙuman nan akasarinsu daga Sudan ake kawo su, daga nan ka fara tattara yara da takalma.

In ka sauka Aswan layin ya kusa ƙarewa, iyakarsa tashar Saddul Ali wajen babbar madatsar da aka gama a 1970. Babu jirgin ƙasa da yake haɗa Aswan da Wadi Halfa, garin Sudan na bakin boda, faɗin layin ma ba ɗaya ba ne, nasu milimita 1435 namu 1067. Saboda haka sai bas, kuma motocin Sudan a tashar Karkar suke, bayan gari. Hanya biyu ce, ka tambaya da kyau wacce motarka za ta bi. Ta Ƙustul da Ashkit, wadda aka buɗe a 2014, tana bi ta Abu Simbel a sa bas ɗin a jirgin ruwa a tsallaka tafki sannan Halfa. Ta Arƙin kuma gefen yamma take, ta miƙe zuwa Dongola.

Kada ka yanki tikitin bas na safiyar da za ka iso. Jirgin yana iya makara awa ɗaya ko biyu ba wanda zai ba ka haƙuri, mu ma ya makara, kuma ko bai makara ba tsoho yana bukatar ya kwanta a katifa dare ɗaya kafin zaman boda, wanda shi ba a san tsawonsa sai an je. Akwai ƙananan lokanda, wato masaukin baƙi, kusa da tasha da cikin kasuwa, ka bar iyali da kaya a inuwa ka je ka ga ɗakin da idonka kafin ka biya. A daren nan ka cika waya da caji, ka sayi ruwa katan guda da burodi da maganin da Inna ko Baba suke sha na wata biyu ko uku, ka duba Bankak ɗinka, manhajar bankin da ke waya, yana buɗewa tun kana da intanet, don layin Masar yana ɗaukewa da an wuce boda. Fam ɗin Masar da ya rage kar ka canza duka, masu dakon kaya a Karkar da shi za ka sallame su.